Ruwan Gidan Mustafa

Litinin, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Yau ma ruwan gidan Mustafa ya kwantar mini da lalle. Gindi huɗu, waɗanda na dasa da hannuna shekarar da na bar koyarwa a lakwal. Da ruwan sama ne sai in ce ikon Allah. Ruwan tiyo ne. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana shayar da ciyawa, a garin Damagaram, inda mace ke bin 'yan garuwa lungu-lungu kafin ta sami na dafa tuwo.

Likita ne ya ce in sami kaye, ɗan littafin rubutu, in riƙa rubuta hawan jinina. To ga shi ina rubutawa.

Gidan Baba ne, guda ɗaya, a nan unguwar Birni. Da ya rasu aka raba biyu. Mustafa ya ɗauki tudu, ni na ɗauki gangare tare da ɗakin mahaifiyarmu Inno, don ta ce ba ta barin ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Bangon bayan ɗakinta shi ne iyakarmu. A kusurwar bangon akwai rariya tun zamanin kakanni: ruwan sashen sama ya bi ta nan, ya ratsa tsakar gidana, ya fita lungu. Haka Birni take, kowa yana ɗaukar ruwan wanda ke sama da shi, kuma ban taɓa ƙi ba. Amma da can tsakar gidan yashi ne da kurnar Baba. Ƙasa ta sha rabonta, abin da ke gangaro mini bai fi in tsallake ba.

Sai ga Mustafa ya dawo daga Yamai da sabon ido. Ya sare kurna wai tana zubar da ganye. Ya shimfiɗa pabe, wannan tubalin siminti, daga zaure har bakin bangon Inno. Ya bar fili kamar tabarma uku ya dasa abin da yake kira gazon, ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci. Yanzu ɗigon ruwa ɗaya ba ya shiga ƙasa a can, duk ni ake aiko wa.

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Na je na same shi. Babban mutum da furfura, yana tsaye da gajeren wando yana riƙe da tiyo.

Na ce, "Mustafa, ruwanka yana kashe mini shuka."

Ya ce, "Yaya, ai aikin rariya ke nan. Ki matsar da lallen mana."

"Lallen ya riga pabenka zuwa gidan nan."

"Bon, Yaya, zamani ne. Yara sun bar shigo mini da yashi ɗaki, Ilham ta huta da shara."

Ilham ɗin, matarsa, ta fito da kujera tana "Yaya, ki zauna mana." Yarinyar ba ta taɓa yi mini komai ba, shi ya sa ma take ƙara ba ni haushi. Ban zauna ba.

Na gaya wa Inno. Tana jan tasbaha ta ce, "Ku dai bi a sannu. Ruwa ba ya jin lallashi." Kullum haka, ba ta taɓa cewa autanta ya yi laifi.

Juma'a, 12 ga Yuli, da yamma

Na je barkar haihuwa gidan Gambo, na dawo ina leƙa gidajen mutane. Ban san yaushe unguwar nan ta haukace ba.

Sama'ila tela ya jera tsoffin tayoyin mota ya shafa musu farin fenti, ya cusa furen roba a ciki. Fure ba ƙamshi, ba ya girma, ba ya mutuwa, sai ƙura. Tayoyin kuwa da an yi ruwa sun zama gidan sauro. Shi Gambo ya dasa dogon yaro taku biyu daga katanga don yana son inuwa da wuri. Ya samu. Saiwar ta ɗaga masa daɓen ɗaki, ƙofarsa ba ta rufuwa sai an sa mata ƙafa.

Gida ɗaya na shiga na ji sanyi a raina, na Hajiya Maryama. Yashi mai tsabta, tana sake shi duk shekara. Ta dasa lemun tsami daidai inda ake alwala, itacen bai taɓa neman guga ɗaya na kansa ba. Zogale a bayan madafa, kabewa ta hau rumfa. Tsakar gidan ya ɗan kwanta zuwa ƙofa, ba ka gani sai ruwa ya nuna maka. Ba ta yi lakwal ba, ba ta je Yamai ba. Na ce mata gidan ƙanena ya kamata a kai ta ta koyar. Ta yi dariya ta ce, "Madam, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ni ba dariya na je nema ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan azahar

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Rariya ta yi ta amai kamar an fasa tafki. Ruwan ya tafi da murhuna, ya tumɓuke zogale biyu, ya shiga ɗakina har ƙarƙashin gado. Na tsaya cikin ruwa zuwa ƙwauri ina kwasa da tasa, ina jin 'ya'yansa a can suna tsalle a kan pabe suna ihun murna.

Lallen ya tafi duka.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Mustafa ya tafi aiki Agadas, sati biyu. Ya leƙo ya yi wa Inno sallama. Ya ga tsakar gidana yadda ya koma, ya ce, "Kai, sannu Yaya." Sannu!

Laraba, 17 ga Yuli, da sassafe

Na yi abin da na yi. Ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Hannuwana sun tsattsage, sun yi fari, man kaɗanya ma bai yi musu komai ba. Ban san haka abin nan yake cin fata ba. Ragowar buhun na tura shi bayan buhunan gawayi.

Na mirgino babbar tukunyar na'ana'a na ajiye a kusurwar bangon. Inno tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Na'ana'a ba za ta so wurin nan ba, Wasila." Na ce za ta so. Ta dubi hannuna, ta dubi tukunya, ta koma kan tasbaharta.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan magariba

An yi ruwa. Tsakar gidana ruwan da Allah ya saukar mini kaɗai ya gani, yashi ya shanye shi kafin in gama salla. Na ji daɗi. Na faɗa, na ji daɗi, kuma ban ga wanda zai hana ni ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, da safe

Ilham ta zo, zanenta jiƙe har gwiwa. Ta ce ruwa ya kwanta a bayan ɗakin Inno ya ƙi tafiya, tun jiya take kwasa da bokiti tana kaiwa lungu. Ta ce ta zura sanda cikin rariya, sanda ta ci karo da abu mai tauri.

"Yaya, ko ta wajenki wani abu ya faɗa ciki?"

Na ce, "Ni dai ga wajena, bushe yake. Ku tambayi pabenku."

Ta tsaya tana kallon tukunyar na'ana'a. Sannan ta durƙusa ta gaida Inno ta tafi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Su ɗanɗana abin da na sha.

Alhamis, 25 ga Yuli, da azahar

Ɗakin Inno yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowane ɗakin ƙasa haka yake da damina.

Asabar, 27 ga Yuli

Kowane ɗakin ƙasa haka yake da damina.

Talata, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na janye gadon Inno don in share, na ga bangon ya yi duhu daga ƙasa. Na ɗauko alli, ragowar na aji, na ja layi a inda danshin ya tsaya. Taƙi ɗaya. Na mayar da gadon yadda zai rufe layin.

Da kurnar Baba tana nan da ta shanye wannan ruwan. Shekara sittin tana tsaye a wurin tana yi wa bangon nan gadi, mutum ya zo da gatari rana ɗaya saboda ganye. Wannan shi ne asalin maganar, duk wanda zai yi magana ya fara daga nan.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Mustafa ya dawo. Ko rigar Juma'a bai cire ba ya zo zaurena.

"Yaya, zan shiga in duba rariya ta wajenki."

Na tare ƙofa. Na ce, "Ranar da ka sare kurna ka shigo ka tambaye ni?"

"Ba maganar kurna ake ba. Bangon nan ƙasa ne, yana shan ruwa sati biyu."

"To ka fasa pabenka ka yi wa ruwanka hanya ta ƙofarka."

"Ruwa ya hau tudu? Yaya, kin koyar da yara shekara talatin."

Wannan ta yi mini zafi. Na gaya masa abubuwa, har da waɗanda ba su shafi ruwa ba. Shi ma ya gaya mini. Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. Ki ba ni Inno ta koma wajena, akwai ɗakin siminti."

Ashe nan aka nufa. Shekara goma sha ɗaya ni ke dafa mata, ni ke gasa mata gwiwa, ni ke kai ta likita, shi yana Yamai yana aiko gaisuwa ta salula. Tun da mijina ya rasu yarana suka watse, ita kaɗai ce ke kiran sunana a gidan nan da safe. Ba zan ba da ita ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Ya aiko Ilham ta lallashi Inno. Ina madafa ina ji. Inno ta ce, "Ki gaya masa na gode. Ni da Wasila nake zaune."

Na ji kamar in yi guɗa. Daga baya na shiga na duba allin. Taƙi biyu. Abincin rana ban iya ci ba.

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Inno ta aika an kira Ɗan'azumi magini ba tare da ta gaya mini ba. Tsoho ne, shi ke yi wa gidan nan yaɓe tun Baba na da rai. Ya shiga ɗakin ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sama yana amsawa, ƙasa shiru. Ya tura babban yatsansa ya shige.

Ya fito ya tsaya a gaban tukunyar na'ana'a ya daɗe. Ya tsinki ganye ɗaya ya shinshina.

Ya ce, "Madam, pabe bai yi wa bangon nan adalci ba, wannan gaskiya ne, na gaya wa Mustafa tun ranar da ake shimfiɗa shi. Amma ruwa baƙo ne, in ka nuna masa ƙofa zai fita." Sai ya rage murya. "In zo gobe da guduma da kurfi? Aikin rabin yini ne. Ba wanda zai ji a bakina."

Na ce guduma ba ta da sirri, Birni duka za ta ji. Na ce Mustafa ya fara cire layi biyu na pabensa daga gindin bangon, sannan a yi magana.

Ya ce, "Bangon ba zai jira ku gama ba." Ya sa takalmansa ya tafi, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

Inno ta yi barcin rana. Na matsar da tukunya, na naɗe kan taɓarya da tsumma don kada a ji, na sa babbar ƙusa. Na yi ta bugu har kafaɗata ta riƙe. Abin da ya fito bai cika cokali ba. Duk abin da na yi a rayuwata ina yinsa da kyau, wannan ma haka.

Na mayar da tukunyar.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

Na hau turmi na leƙa ta katanga. Gazon ɗin nasa ya ruɓe, ya yi rawaya, yana wari kamar bakin kwata. Ilham ta rame da ɗaukar bokiti. Ya jera buhunan yashi a gindin bangon, wai dabara. Ya gwammace haka da ya cire tubali ashirin. Taurin kai irin na Baba, shi ya kwashe duka.

Taƙi uku da ɗan yatsa. Akwai tsaga kuma, siririya, daga kusurwa zuwa taga. Na ce wa Inno ta dawo ɗakina ta kwana, zafi ya yi yawa a nata. Ta ce, "Zafi ne?" Na ce zafi ne. Ta ce ita ba ta jin zafi.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Na je gidan Ɗan'azumi da ƙafata in ce ya zo da gudumar. Matarsa ta ce ya tafi kasuwar Mirriya, sai yamma.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

Inno tana da rai. Wannan na fara rubutawa.

Jiya ruwan ya sauko bayan azahar. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko kuwa tsoro ne ya sa. Na ce Inno ta fito, ta ce sai ta idar da salla, a zaune take yi. Na ture tukunyar ta fashe, na ɗauki taɓarya, babu tsumma wannan karon, kowa ya ji. Ina bugu ina kuka ina zagin kurna da pabe da Yamai da kaina. Ta cikin bangon nake jin ruwan yana motsi.

Ban ga shigowar Mustafa ba. Ba sallama, ba takalmi. Ya wuce ni, ya gan ni da taɓarya, ya ga abin da nake bugu, bai tsaya ba. Ya fito da Inno goye a bayansa, carbinta na lilo a wuyan hannunta, ya bi ta lungu da ita zuwa gidansa.

Ba a yi minti goma ba bangon ya tafi. Ba ƙara mai yawa. Ya durƙusa ne kawai kamar tsohuwar da gwiwa ta gaza, rufin ya biyo shi. Gadonta, akwatin Baba, kwanonin aurenta, duk suna ƙarƙashi. Ruwan da aka tsare sati uku ya ratsa tsakar gidana ya fita lungu ta hanyarsa ta da.

Talata, 13 ga Agusta, da yamma

An kwashe ƙasa yau. Maƙwabta sun zo da shebur, har da Sama'ila tela da Gambo, waɗanda na gama yi wa gidajensu dariya. Da aka kai kusurwa sai kowa ya tsayar da sheburinsa. Komai ya narke, abu ɗaya ne ya rage a tsaye: dunƙulen siminti da duwatsu a bakin rariya, ga sawun yatsu a jikinsa.

Ba wanda ya dube ni. Na gwammace a ce sun duba.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Mai unguwa ya zo, don toshe hanyar ruwa a Birni ba maganar gida ɗaya ba ce. Aka zauna a zauren Mustafa: mai unguwa, Mustafa, Ɗan'azumi, dattawa biyu, ni a gefe. Aka fito da Inno aka zaunar a kan kujera.

Mai unguwa ya yi wa Mustafa faɗa a kan pabe, ya ce wanda ke sama ba ya ninka wa na ƙasa kaya. Mustafa ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, zai cire. Wata guda nake jiran wannan kalmar, da ta zo ban ji ɗanɗanonta ba.

Sannan mai unguwa ya ce, "Saura rariya. Wa ya toshe?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Inno ta riga ni.

Ta ce, "Ni na sa a toshe, ranka ya daɗe. Ƙarar ruwan ke hana ni barci. Tsufa ne, a yi mini haƙuri."

Mai unguwa ya dube ta ya daɗe. Ɗan'azumi yana kallon ƙasa. Mustafa ya ga taɓarya a hannuna ranar Lahadi, Ilham ta sani tun farko, duk wanda ke zauren ya sani. Mai unguwa ya ce, "To, Inno, Allah ya kiyaye gaba," aka shafa fatiha.

Matar da ba ta taɓa yin ƙarya a gabana ba, ta yi ta a gaban maza biyar tana da shekara tamanin. Ina jin haushinta. Ina jin haushin Mustafa da ya yi shiru ya bar ni da alherinsa. Ban san inda zan kai wannan haushin ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da hantsi

Na yi magana da Ɗan'azumi. Ya ce da kaka, in ƙasa ta bushe, zai tayar da ɗakin cikin sati uku, a kan tushensa na da, da taga a inda take.

Na dama fura na kai wa Inno. Tana ɗakin simintin, an shimfiɗa mata sabuwar katifa, ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa daga kan gadon. Na zauna na gasa mata gwiwa kamar kullum, ta bar ni na yi. Na gaya mata maganar Ɗan'azumi. Na ce kafin sanyi ya shigo za ta koma ɗakinta, zan sayi sabon gado, zan sa a yi daɓe mai kyau.

Ta sha furar ta ajiye kwanon.

Ta ce, "Ina zaune a ƙofa ranar da kika kwaɓa simintin. Na ce bari in ga kwana nawa za ki bar ni a bayansa. Ashirin da biyar na ƙirga."

Na ce, "Inno, na je kiran Ɗan'azumi. Na buga da taɓarya."

"Na ji bugun. Har da na ranar Alhamis, mai tsumma."

Na ɗauke kwanon furar. Ta gyara mayafinta.

"Na rufa miki asiri a gaban mutane don ni na haife ki, Wasila. Ki gina ɗakin in kina so, ki sa gawayi a ciki. Gobe ki kawo mini butata da sauran zannuwana."